Marigayi Cliff Burton da Faifan "Master of Puppets"

An haifi Clifford Lee Burton ran 10 ga watan Fabrairu, 1962, a garin Castro Valley da ke Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Tun yana ɗan shekara 6 aka sa shi koyon fiyano, inda ya fara sanin ƙa'idojin kiɗa. Da ya kai shekara 13, bayan rasuwar wansa, sai ya rungumi jitar bes, wato mai kaurin amo, ya duƙufa a kanta ba dare ba rana.

A cikin 1982 ne 'yan ƙungiyar Metallica, masu kiɗan nan mai ƙarfi da sauri da ake kira heavy metal, suka ga wasansa a Los Angeles, suka nemi ya shigo cikinsu. Ya amince, amma bisa sharaɗin su taso su koma yankin San Francisco. Haka kuwa aka yi a 1983.

Abin da ya kawo musu shi ne ilimi. Abokan aikinsa suna da zafin hannu, shi kuwa ya san yadda ake jera amo daban-daban su tafi tare ba tare da sun ci karo ba. Amfanin wannan ya fito fili a faifansu na uku, "Master of Puppets", wanda suka ɗauka daga Satumba zuwa Disamba, 1985, a ɗakin ɗaukar sauti na Sweet Silence da ke Kopanhagen, babban birnin Denmak, tare da Flemming Rasmussen. A cikinsa akwai "Orion", kiɗa zalla na fiye da minti 8 ba waƙa, inda bes ɗin Burton ke jan ragama maimakon bin baya kamar yadda aka saba.

Kamfanin Elektra ya fitar da faifan ran 3 ga Maris, 1986, ya kuma kai matsayi na 29 a jerin Billboard, alhali gidajen rediyo ba su cika sa shi ba.

Sai dai Burton bai daɗe yana cin gajiyar aikinsa ba. Da asubahin ran 27 ga Satumba, 1986, motar safa da ke ɗauke da ƙungiyar ta kife kusa da garin Ljungby a ƙasar Suwidin, ta danne shi, ya rasu nan take yana da shekara 24.

A 2016 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da shigar da faifan cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa saboda darajarsu, kuma shi ne na farko daga irin wannan kiɗa.