William Morris: Mai gyaran keke da ya cika titunan duniya da motoci

Duk wanda ya san garin Tamale ya san cewa keke da babur su ne ƙafafun jama'a. Da wuya ka bi wani layi daga Aboabo zuwa Zango ba ka ga yaro a gindin bishiya yana liƙe tayar keke ba. To, mutumin da za mu kawo tarihinsa a wannan makon da irin wannan sana'a ya fara, kuma dattawanmu sun san sunansa ko da ba su san fuskarsa ba, domin shi ne mai motar nan Morris da aka sha yin tasi da ita a Gana da Nijeriya.

An haifi William Richard Morris a garin Worcester na ƙasar Ingila ran 10 ga Oktoba, 1877. Yana ɗan shekara uku iyayensa suka koma Oxford. Bai yi nisa a karatu ba, ya bar makaranta yana da shekara 15 ya shiga koyon aiki wurin wani mai sayar da kekuna da gyaransu. Bayan wata tara ya nemi ƙarin albashi, maigidan ya hana. Sai yaron ya tattara kayan aikinsa ya koma bayan gidan iyayensa, ya buɗe nasa wurin gyara da jarin fam 4 kacal. Daga gyara ya shiga harhaɗa kekuna, yana kuma shiga tsere da su don mutane su ga ingancinsu.

Daga keke ya koma babur, daga babur ya buɗe gareji inda yake gyaran motoci da bayar da hayarsu. A 1904 wani haɗin gwiwa da ya shiga ya rushe, ya tashi da bashi, ya sake farawa daga tushe.

A 1913 motarsa ta farko, Morris Oxford, ta fito daga masana'antarsa da ke unguwar Cowley. Dabarar da ya yi irin ta bakanike ce: maimakon ya ƙera komai da kansa, sai ya riƙa sayen inji da sauran sassa daga wurin masu yin su, shi kuma ya harhaɗa. A 1921 kasuwa ta faɗi, motoci suka taru ba mai saye. Morris ya zabge farashi, abin da abokan sana'arsa suka ɗauka hauka ne. Cikin 'yan shekaru sai ga shi ya wuce kamfanin Ford a yawan motocin da ake ƙerawa a Birtaniya. Ya sayi kamfanin Wolseley a 1927 da na Riley a 1938. Motar tsere ta MG ma daga garejinsa ta samo suna. A 1938 ɗin aka ba shi sarautar da aka fi saninsa da ita, Viscount Nuffield.

Wani abin mamaki shi ne, motar da ta fi ɗaukaka sunansa ita ce wadda shi bai so ba. Injiniya Alec Issigonis ne ya zana Morris Minor, ta fito a 1948, kuma maigidan ya raina siffarta, har ya kamanta ta da dafaffen ƙwai. Amma ita ce motar Birtaniya ta farko da aka ƙera guda miliyan ɗaya, aka kuma ci gaba da yin ta har 1971.

Morris da matarsa Elizabeth Allah bai ba su haihuwa ba, kuma hakan ya shafi yadda ya yi da dukiyarsa. Ya bayar da kimanin fam miliyan 30 a rayuwarsa. Ya kafa Kwalejin Nuffield a Jami'ar Oxford a 1937, sannan Gidauniyar Nuffield a 1943 da fam miliyan 10. A ganina kyautarsa mafi girma ita ce ta 1938, lokacin da cutar shan inna ke kashe yara ta hanyar hana su numfashi. Ya sa masana'antarsa ta ƙera na'urar taimaka wa numfashi da ake kira huhun ƙarfe, aka raba wajen 1,700 kyauta ga asibitocin Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Shi kansa kuwa bai daina taɓa sifana ba. A ɗakin kwanansa akwai wani kabad cike da kayan aiki, inda yake gyare-gyare idan barci ya ƙi zuwa.

Sai dai ba a rasa abin faɗa a kansa ba. Mutum ne mai taurin kai wanda bai jituwa da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a farkon shekarun 1930 ya ba sabuwar jam'iyyar Oswald Mosley fam 50,000, mutumin da daga baya ya zama jagoran masu ra'ayin fasisanci a Ingila. A 1952 kamfaninsa ya haɗe da na babban abokin gasarsa Austin, ragamar ta koma hannun Leonard Lord, tsohon ma'aikacinsa da suka taɓa rabuwa baram-baram. Ya rasu ran 22 ga Agusta, 1963, sarautarsa ta mutu tare da shi saboda rashin magaji.

A nan Gana, motocin Ingila sun fara ja da baya ne da shigowar na Faransa da Japan, sannan a watan Agustan 1974 ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama, motoci masu sitiyari a dama suka zama tsohon yayi. Sunan Morris ya ɓace daga sababbin motoci a 1984, kodayake masana'antar Cowley tana nan, kamfanin BMW na Jamus yana ƙera Mini a cikinta. A Indiya kuwa, motar Ambassador da aka kwaikwaya daga Morris Oxford sai 2014 aka daina yin ta.

A Ingila har yau akwai ƙungiyoyin masu sha'awar farfaɗo da Morris Minor. Injinta ba shi da wuyar sha'ani, babu kwamfuta a cikinsa, duk fitan da ya koyi aiki a Suame Magazine ta Kumasi zai iya kwance shi ya mayar. Babbar matsalarta tsatsa ce, domin gangar jikinta ita ce ƙashin bayanta, idan ƙasan ya ruɓe sai an yanke an yi walda da sabon ƙarfe. Samfurin da ake kira Traveller kuwa bayansa da katako aka ɗaure shi, don haka mai gyaransa sai ya nemi kafinta bayan mai walda.