Taƙaitaccen Tarihin Amir Abdulƙadir Al-Jaza'iri, Allah Ya Ƙara Masa Yarda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan uwa muridai, ga tarihin wani Baƙadire da ya shekara 15 a fagen fama, amma takobi bai taɓa shagaltar da shi daga carbi ba.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Amir Abdulƙadir a shekarar 1808 a ƙauyen Ƙaiɗana, kusa da garin Mu'askar a yammacin Aljeriya. Mahaifinsa, Shehu Muhyiddin, sharifi ne kuma shugaban zawiyar Ƙadiriyya ta wannan yanki. A gabansa ya haddace Alƙur'ani, tare da shi kuma ya yi aikin hajji, suka zarce Bagadaza suka ziyarci Sidi Abdulƙadir Jilani.

Da Faransawa suka ci birnin Aljas a 1830, sai ƙabilun yamma suka nemi Shehu Muhyiddin ya jagorance su. Saboda tsufa ya gabatar musu da ɗansa, aka yi masa mubaya'a a gindin wata bishiya a 1832, yana ɗan shekara 24.

Birnin da ke bisa raƙuma

A 1835 ya karya rundunar Faransa a yaƙin Maƙɗa, a 1837 kuma suka ƙulla sulhu da shi a Tafna. Da yaƙi ya sake ɓarkewa, Faransawa suka rushe garuruwansa a 1841, sai ya kafa abin da ake kira Zumala, wato birnin tantuna mai tafiya. A cikinsa akwai dubban mutane, da alƙalai, da maƙera, da kasuwa, da baitulmali, da taskar littattafansa. Duk sa'ad da abokan gaba suka matso, sai a ɗora birnin bisa raƙuma a yi gaba. A watan Mayu na 1843, alhali Amir ba ya nan, ɗan Sarkin Faransa ya auka wa Zumala ya kame ta. An ruwaito cewa Amir ya bi sawunsu yana ganin takardun littattafansa a warwatse a hanya, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Halinsa ga fursunoni

A nan tarbiyyar zawiya ta fi bayyana. Ya sanya lada ga duk wanda ya kawo sojan Faransa da ransa, ya kuma tanadi horo ga mai wulaƙanta kamamme. Mata da aka kama, mahaifiyarsa Lalla Zuhra ce ke kula da su. A 1841 ya yi musayar fursunoni da babban limamin Kiristoci na Aljas.

A ƙarshen 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a kai shi Iskandariyya ko Akka. Faransawa suka saɓa, suka tsare shi a ƙasarsu har 1852. Bayan an sake shi ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, daga nan ya koma Dimashƙa a 1855, ya duƙufa ga karantarwa.

Fitinar Dimashƙa

A watan Yuli na 1860 tarzoma ta tashi, aka far wa unguwar Kiristocin birnin. Amir ya fito da mutanensa 'yan Aljeriya, suka bi lungu-lungu suna kwaso mata da yara da limaman coci zuwa gidansa. Da masu tarzoma suka taru a ƙofarsa suna neman a miƙa musu su, sai ya tsaya da makaminsa ya ƙi. Dubban rayuka suka tsira ta hannun mutumin da Turawa Kiristoci suka ci amanarsa.

Wafatinsa

Ya rasu a Dimashƙa a 1883, aka binne shi kusa da Shehu Muhyiddin Ibnu Arabi, sa'an nan aka mayar da shi Aljeriya a 1966. Ya bar littafin Al-Mawaƙif a fannin sufanci.

Ya 'yan uwa, wanda ya ci ƙarfin zuciyarsa a halwa, shi ne ba ya zalunci ranar da iko ya zo hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya ba mu albarkacin bayinsa salihai, amin.