Chari Maigumeri, Samanjan Bataliya ta Uku

A ƙauyukan arewacin Kano, wajen Ɗambatta da Bichi, in aka buɗe akwatin wani tsohon soja da ya rasu, sau da yawa akan tarar da 'yar lambar hula ta tagulla, da siffar itacen kwakwa a kanta. Ita ce lambar rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya shirya cikin 1897. Mu da ke tara irin waɗannan lambobi ya kamata mu san mutanen da suka ɗaura su, kuma a cikinsu babu kamar Chari Maigumeri.

Shi mutumin Barno ne. Abin mamaki, ba da wannan lamba ya fara ba. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, ya yaƙi Ingilishi a Garwa, har Jamusawa suka ba shi lambar jaruntaka. Da garin ya faɗi cikin 1915 aka kama shi. Cikin 1917 sai ga shi sanye da kayan waɗanda suka kama shi, aka tafi da shi Afirka ta Gabas ya kara da iyayen gidansa na dā.

Wani ya ce wannan butulci ne. Ni ban ga haka ba. Yaro ne talaka, Turawa biyu suna faɗa a kan ƙasar da ba ta ɗayansu ba. Ba shi ya raba iyaka ba, ba kuwa wanda ya nemi shawararsa. Abin dubawa shi ne, tun da ya ɗaura itacen kwakwan nan bai sāke shi ba har shekara 36.

Ya yi ta hawa har ya zama samanjan Bataliya ta Uku. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, da shi aka kori Italiya daga Habasha cikin 1941, ya sami lambar girma, sa'an nan aka wuce Bama yaƙin Japan, ga damina ga kurmi.

Cikin 1953 ya je London naɗin Sarauniya, ya bar aiki da girman kyaftin. Barikin soja na Lokoja sunansa aka sa masa. Rundunar kuwa an rushe ta cikin 1960, aka daina buga lambar.