Abu Zaidu al-Balkhi: Rayuwarsa da Gudummawarsa wajen Magance Damuwa ta Hanyar Gyaran Tunani

Gabatarwa

Masana halayyar ɗan Adam kan danganta hanyar magance damuwa ta gyaran tunani ga Albert Ellis, wanda ya fara amfani da ita a Amurka a 1955, da Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania a shekarun 1960. Tushen hanyar shi ne, fassarar da zuciya take yi wa al'amari ita ke haifar da tsoro ko baƙin ciki, don haka idan aka gyara gurguwar fassara sai a sami sauƙi. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar malamin da ya rubuta irin wannan ra'ayi fiye da shekara dubu kafin su.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Abu Zaidu Ahmad ɗan Sahlu wajen shekarar 850 Miladiyya (235 Hijira) a ƙauyen Shamistiyan kusa da birnin Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin makarantar yara ne. Da ya tasa, sai ya bi ayarin mahajjata da ƙafa zuwa Iraƙi, inda ya shekara takwas yana karatu. A Bagadaza ya zauna gaban masanin falsafa Yaƙubu al-Kindi, ya kuma nazarci likitanci da taurari da ilimin addini.

Bayan ya koma gida ya zauna yana karantarwa. Lokacin da sarki Ahmad ɗan Sahlu al-Marwazi ya mallaki Balkh, ya yi masa tayin wazirci, amma ya ƙi, ya zaɓi zama magatakarda. Saboda ƙwarewarsa a zube aka yi masa laƙabi da Jahizun Khurasan. Ya wallafa littattafai fiye da arba'in, mafi yawansu sun salwanta. A fagen labarin ƙasa kuwa, taswirorinsa ne suka zama tubalin da al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka yi gini a kai. Ya rasu a ƙauyensu a 934 (322 Hijira).

Ra'ayinsa game da Cututtukan Zuciya

Littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus kashi biyu ne: babi 14 kan lafiyar jiki, babi 8 kan lafiyar rai. Ya ga likitocin zamaninsa sun mayar da hankali ga jiki kaɗai, alhali mutum kan daɗe bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya yini ya wuce ransa bai sosu ba. Ya kasa waɗannan cututtuka gida huɗu: fushi, tsoro da firgita, baƙin ciki, da waswasi.

Magani a wurinsa ta fuska biyu yake zuwa. Na waje shi ne nasihar amintaccen mutum, domin wanda ke cikin damuwa ba ya ganin lamarinsa sosai. Na ciki shi ne mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaka kafin ciwo ya zo, don ya fuskanci mugun zato da su idan ya taso. Ya kwatanta yawancin abin da ake tsoro da hazo, wanda daga nesa ake zaton bango ne, sai an shiga a tarar iska ce kawai. Ya nuna cewa yawan arba da abin tsoro kan rage tsoron, kamar yadda mayaƙi ko likita ke sabawa da ganin rauni. Mai waswasi kuwa ya umarce shi da guje wa kaɗaici da zaman banza.

Ya kuma raba baƙin ciki biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wanda tunani da nasiha ke warkarwa. Akwai wanda ke faɗo wa mutum ba gaira ba dalili, wanda ya danganta da jiki, ya ce yana buƙatar magani na likita.

Littafin ya daɗe a ɗakin karatu na Ayasofya a Istanbul, har Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Frankfurt a 1984, sannan Malik Badri na Sudan ya fassara kashi na biyu zuwa Ingilishi a 2013.

Kammalawa

Hausa tana da kalmomi irin su zullumi da fargaba da waswasi da ƙunci, waɗanda ya dace manazarta su auna su da rabe-raben al-Balkhi. Buƙatar hakan a fili take a Gusau da Tsafe da Bungudu, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da gidajensu. Tsoron wanda ke cikin hatsari gaskiya ne, tsaro ne maganinsa. Amma wanda ya tsira, zuciyarsa ta ci gaba da raya masa cewa laifinsa ne, ko kuwa rayuwarsa ta ƙare, yana buƙatar mai taya shi warware wannan zato. Sau da yawa irin wannan mutum yakan ƙi zuwa asibiti don gudun a kira shi mahaukaci. Sanin cewa malamin Musulunci ne ya rubuta wannan hanya tun ƙarni na 10 zai sauƙaƙa wa malamai da likitoci gabatar da ita ga jama'a cikin Hausa.