Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, masanin taurari

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a shekarar 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi, sannan ya zamo ɗaya daga cikin manyan kwamandojin jihadin da aka soma a 1804.

Shi ne ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya kuma zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817.

An fi saninsa da mulki da littafin tarihinsa Infaƙul Maisuri, amma iliminsa ya kai har ga likitanci da lissafi da sanin taurari.

Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, ya ba da shaidar haka. Da ya nuna wa Sarkin taswirar sararin samaniya, sai ya tarar ya san burujai goma sha biyu duka, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Sarkin ya kuma duba na'urar da baƙon ke auna tsayin rana da ita.

A zuwansa na biyu a 1826, Clapperton ya kawo masa littafin lissafin Iƙlidis na Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, domin gobara ta cinye kwafin da zuriyarsu ke da shi.

A wurin malaman zamanin, wannan ilimi abin bukata ne, domin da shi ake tantance alƙibla da lokutan salla da shigowar damina.

Bello ya duba sama da ido. A yau masana na harba na'urori zuwa sararin samaniya, kamar Fermi da hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2008, domin kamo hasken gama mai tsananin ƙarfi, wanda ido ba ya gani, iskar da ta lulluɓe duniya kuma take tare shi. Amma har yanzu taurari irin su Aldabaran suna amsa sunayensu na Larabci.

A ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a ribaɗin Wurno, a kwarin Rima, domin tsaron iyaka. A can ya rasu a watan Oktoba na 1837, kuma hubbarensa na nan ana ziyarta.