Louis Pasteur: malamin jami'a da ya kai ilmi cikin masana'antu

An haifi Louis Pasteur ran 27 ga watan Disamba na shekara ta 1822 a garin Dole, gabashin ƙasar Faransa. Ubansa majemi ne, tsohon soja. A garin Arbois yaron ya tashi, nan ya fara shiga lakkol. Daga bisani ya tafi Paris, ya shiga babbar makarantar horon malamai, inda ya ƙware a ilmin kimiyya. A 1849 ya auri Marie Laurent a birnin Strasbourg, wurin da ya fara koyarwa a jami'a.

A 1854 gwamnati ta naɗa shi shugaban sabon sashen kimiyya na birnin Lille. Lille gari ne na masana'antu, kuma nufin hukuma shi ne malaman jami'a su amfani masu sana'a na wannan yanki. Pasteur ya ɗauki wannan umurni da muhimmanci. Ya kan kwashi ɗalibansa su zaga masana'antu, don su ga yadda abin da suke karantawa yake aiki.

A 1856 wani attajiri mai suna Bigo, wanda ɗansa ke karatu wurin Pasteur, ya kawo kuka. Masana'antarsa tana fitar da barasa daga betarab, wato wani irin saiwa mai zaƙi, amma sau da yawa ruwan sai ya yi tsami, a yi hasara. Pasteur ya ɗebi ruwan ya duba da madubin ƙara girma. A cikin mai kyau ya ga ƙwayoyin yisti, a cikin wanda ya ɓaci kuwa ya ga waɗansu ƙananan halittu daban. Daga nan ya gane cewa ƙwayoyi masu rai ne ke sa abu ya ruɓe ko ya yi tsami. Matsalar ɗan kasuwa guda ta buɗe ƙofar ilmin ƙwayoyin cuta.

Da ya koma Paris a 1857, bai tarar da ɗakin gwaji na kirki ba. A wani ɗan ɗaki ƙarƙashin rufin makaranta ya fara aiki. Amma da sunansa ya fito, sai gwamnati ta shiga nemansa. A 1863 sarki Napoleyon na 3 ya sa shi binciken abin da ke ɓata giyar inabi, wadda ke cikin manyan hajojin da Faransa ke sayarwa waje. Pasteur ya nuna cewa in aka ɗumama ta zuwa awon zafi 50 ko 60, ƙwayoyin da ke ɓata ta za su mutu. Wannan dabara ce daga baya aka yi amfani da ita ga madara, har aka sa mata sunansa.

A 1865 ma'aikatar noma ta aike shi garin Alès, a kudu. Wata cuta ta faɗa wa tsutsar siliki, dubban iyalai suka rasa abin yi. Shekara biyar ya yi a kan wannan aiki. Hanyar da ya fitar mai sauƙi ce: a ware kowace macen malam-buɗe-littafi ta yi ƙwanta ita kaɗai, sa'an nan a niƙe ta a duba da madubi. In akwai cuta a jikinta, a ƙone ƙwan. In babu, a ajiye shi iri. A cikin waɗannan shekaru ne ya rasa ubansa da ƴaƴansa mata biyu, bayan ta fari da ta riga ta rasu a 1859.

Duk da wannan hidima, kuɗin bincike bai zo da sauƙi ba. A 1867 sarki ya yarda a gina masa ɗakin gwaji, amma da aka zo kasafin kuɗi sai aka ce babu, alhali ana zuba miliyoyi wajen ginin gidan wasanni na Opera. Pasteur bai yi shiru ba. A farkon 1868 ya buga rubutu inda ya bayyana halin ƙunci da masana na Faransa ke ciki, ya kwatanta su da na Jamus, waɗanda hukumominsu ke gina wa manyan ɗakunan gwaji. Maganar ta kai kunnen sarki, aka soma gini. A watan Oktoba na wannan shekara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka zaci ba zai tashi ba, sai aka tsai da aikin, har sai da sarki ya ba da umurni a ci gaba. Bayan da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1871, Pasteur ya ɗora babban laifin a kan sakacin da aka yi da ilmin kimiyya shekara da shekaru.

A 1874 majalisar ƙasa ta yanka masa faran 12.000 kowace shekara har iyakar ransa, a 1883 aka ƙara zuwa 25.000. Wannan ya ba shi sukunin juyawa ga cututtukan dabbobi da na mutane. A watan Mayu na 1881, bisa gayyatar ƙungiyar manoma ta Melun, aka yi gwajin rigakafin ciwon saifa a Pouilly-le-Fort. Aka raba tumaki kimanin hamsin gida biyu, aka yi wa rabi allura, sa'an nan aka sa wa dukansu cutar. Ran 2 ga Yuni, waɗanda aka yi wa allura suna tsaye, sauran kuwa sun mutu ko suna gargara. Littattafan aikinsa, da aka buɗe wa masu bincike a ƙarni na 20, sun nuna cewa maganin da aka yi amfani da shi ran nan an haɗa shi ne ta hanyar mataimakansa Chamberland da Roux, abin da bai bayyana wa jama'a ba a lokacin.

Ran 6 ga Yuli 1885 aka kawo masa Joseph Meister, yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza. Aka yi masa jerin allurai, ya rayu. Labari ya gama duniya, jama'a na ƙasashe da yawa suka tara gudummawa, aka buɗe Cibiyar Pasteur a Paris ran 14 ga Nuwamba 1888. Cibiyar ta tsaya bisa ƙafa uku: kyautar jama'a, taimakon gwamnati, da kuɗin sayar da magungunan rigakafi.

Pasteur ya rasu ran 28 ga Satumba 1895, kusa da Paris, gwamnati ta yi masa jana'izar girma. Almajiransa sun bazu cikin duniya, har aka kafa cibiyoyi irin tasa a Tunis da Dakar. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ma ta shiga wannan zumunci. Rayuwarsa ta nuna cewa mai sana'a ke kawo tambaya, malami ke neman amsa, amma in hukuma ba ta gina ɗakin gwaji ta biya masu aiki ba, tambayar nan sai ta daɗe tana jiran mai amsa ta.