Johann Sebastian Bach: marayan da ya raya gadon gidansu

A yankin Turingiya na ƙasar Jamus an yi zamanin da sunan Bach ya zama sunan sana'a, har a birnin Erfurt ana kiran makaɗan gari da shi ko da ba 'yan gidan ba ne. A cikin wannan zuriya aka haifi Johann Sebastian Bach a garin Eisenach, a watan Maris na 1685. Shi ne auta cikin 'ya'ya takwas na Ambrosius Bach, shugaban makaɗan garin.

Gadon ya so ya suɓuce masa tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa ta rasu a 1694, mahaifinsa ya bi ta a farkon 1695, yaron bai cika shekara goma ba. Yayansa Johann Christoph, mai kaɗa ogan a cocin garin Ohrdruf, shi ya ɗauke shi ya riƙe, ya kuma koya masa wannan babban abin kiɗa mai fitar da sauti ta bututun iska.

Bach bai tsaya ga abin da ya tarar a gida ba. A 1705, yana aiki a cocin Arnstadt, ya nemi hutun mako huɗu, ya taka da ƙafa kimanin kilomita 400 zuwa Lübeck domin ya saurari tsohon gwanin ogan Dietrich Buxtehude. Sai da ya yi kusan wata huɗu kafin ya dawo, hukumar cocin kuwa ta tuhume shi. A 1717 ma, mai sarautar Weimar ya tsare shi kusan wata guda saboda ya dage sai ya bar aikinsa ya koma fadar Köthen.

Gidansa ma makarantar kiɗa ce. Matarsa ta farko, Maria Barbara, 'yar danginsu ce. Ta rasu a 1720 yana wajen tafiya, ya dawo ya tarar an riga an binne ta. A shekarar da ta biyo baya ya auri Anna Magdalena, mawaƙiya a fada, wadda ta riƙa kwafe masa rubutun kiɗa da hannunta. Ya haifi 'ya'ya 20, amma goma kaɗai suka girma. Huɗu cikin mazan sun shahara a kiɗa, daga cikinsu akwai Carl Philipp Emanuel da ya yi aiki a fadar Sarkin Prusiya, da Johann Christian da ya yi suna a Landan.

Daga 1723 ya zama shugaban mawaƙan cocin Saint Thomas a Leipzig, inda ya yi shekara 27 yana koyarwa yana tsara waƙoƙin ibada. A 1735 ya tattara tarihin zuriyarsu, ya jera sunayen maza 53, ya faro daga kakansu Veit Bach, mai yin burodi da ke kaɗa ɗan molonsa a wurin niƙa.

Ya rasu ranar 28 ga Yuli 1750, bayan aikin ido da bai yi nasara ba. A lokacin an fi saninsa da gwanintar ogan, ana kuma ganin salonsa ya tsufa. Matarsa ta rasu cikin talauci a 1760. Sai a 1829 matashin makaɗi Felix Mendelssohn ya sake gabatar da babban aikinsa kan Linjilar Matiyu a Berlin, duniya ta waiwayo gare shi.

Da aka buɗe dutsen tunawa da shi a Leipzig a 1843, jikansa Wilhelm Friedrich Ernst, dattijo mai shekara 80 da 'yan kai, ya halarta. Shi ne makaɗi na ƙarshe cikin jikokinsa, ya kuma rasu a 1845.